Tarihin Ilimin Aikin Laburare

Ilimin aikin laburare fanni ne da ke koyar da yadda za a zaɓo littattafai da sauran rubuce-rubuce, a tsara su, a adana su, a kuma sada su da mai nema a lokacin da yake bukata. A yau ana karanta shi daga matakin difloma har zuwa digirin digirgir, kuma galibin sassan da ke koyar da shi sun haɗe shi da kimiyyar bayanai. Sai dai shigarsa jami'a ba ta kai shekara 150 ba. Kafin nan sana'a ce da yaro ke koyo a gaban gwani, kamar yadda ake koyon dukanci, kuma ƙashin bayanta shi ne fihirisa, wato jerin da ke gaya wa mutum abin da ke akwai da inda zai same shi.

Masu fihirisa na farko

A ƙarni na 3 kafin miladiyya, mawaƙi Kalimakus ya tsara jerin marubutan Girka da ayyukansu a babban laburaren Iskandariya. Aikin, mai suna Pinakes, ya cika naɗin takarda 120, ya kuma kasa marubuta gida-gida: mawaƙa, masu falsafa, masu tarihi, likitoci da sauransu. Ya ɓata, sai guntayen da wasu suka naƙalto.

Wanda ya iso gare mu kusan cikakke shi ne Al-Fihrist na Ibn al-Nadim, wani mai kwafa da sayar da littattafai a Bagadaza, wanda ya rubuta shi a shekara ta 377 bayan Hijira, daidai da 987 miladiyya. Ya yi niyyar lissafa duk littafin da ya sani da Larabci, ya raba su babi goma, daga Alƙur'ani da nahawu da tarihi zuwa fiƙihu da falsafa. Abin da ya sa wannan littafi ya cancanci a tsaya a kansa shi ne babi na takwas, inda ya kawo tatsuniyoyi da labaran hira na dare da littattafan sihiri da na girki. Mutumin kasuwa ne, ya san abin da jama'a ke saye, bai kuma ga ƙasƙanci a rubuta shi ba. Masana da dama da suka biyo bayansa ba su yi wannan faɗin zuciya ba, kuma abin ya jawo wa fannin asarar da har yanzu ake ramawa.

A Turai, Gabriel Naudé ya wallafa littafin shawarwari kan yadda ake kafa laburare a 1627, sannan Martin Schrettinger, wani Bajamushe da ke aiki a Munik, ya fara fitar da littafin koyarwa a 1808 wanda ya ɗauki aikin a matsayin ilimi mai ƙa'idoji. A 1841 Anthony Panizzi ya buga dokoki 91 na rubuta fihirisar laburaren gidan tarihin Birtaniya.

Dewey da makarantar farko

Shekarar 1876 ce ta sauya komai a Amurka. A cikinta aka kafa ƙungiyar laburarorin ƙasar, a cikinta kuma wani matashi mai suna Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na raba ilimi kashi goma, daga 000 zuwa 900, kowane kashi kuma a sake raba shi goma. Kafin shi, lambar littafi a laburarori da yawa tana nuna gurbinsa ne a kan kanta, ta yadda in aka ƙara gini ko aka sauya ɗaki sai an sake lambobi. Dewey ya ɗaure lambar ga batun littafin. Ko'ina aka kai shi, zai zauna kusa da 'yan'uwansa.

A watan Janairu na 1887 ya buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Kwalejin Columbia da ke New York, da ɗalibai 20, mata 17 daga cikinsu. Hukumar kwalejin ba ta amince da ɗaukar mata ba, rigima ta tashi, kuma a 1889 makarantar ta koma Albany. Karatun na hannu ne ƙwarai: yadda ake shigar da sabon littafi a rajista, yadda ake liƙa masa lamba, yadda ake gyaran bangon da ya yage, har da wani salon rubutun hannu na musamman, mai miƙaƙƙun haruffa, don kowa ya iya karanta katin fihirisa. Katin nan mai tsawon santimita 12.5 da faɗin 7.5 ya riƙe laburarorin duniya kusan ƙarni guda.

Ba a ambaton Dewey a yi shiru kan aibinsa. Tsarinsa ya ba Kiristanci mafi yawan gidajen kashin 200 na addini, ya cusa Musulunci gaba ɗaya a lamba ɗaya, 297, abin da ya sa masana a ƙasashen Musulmi suka yi ta ƙirƙiro faɗaɗawar kansu. Shi kansa an zarge shi da cin zarafin mata abokan aiki da kuma ƙin Yahudawa, kuma a 2019 ƙungiyar laburarorin Amurka ta cire sunansa daga babbar lambar yabonta.

Daga sana'a zuwa jami'a

Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburarori 2,509 tsakanin 1883 da 1929. Gine-gine suka yi yawa, ƙwararru suka yi ƙaranci. Gidauniyarsa ta sa Charles Williamson ya binciki makarantun horon, rahotonsa na 1923 kuwa ya ce a raba aikin akawu da aikin ƙwararre, a mai da makarantun cikin jami'o'i, a kuma nemi digiri na farko kafin a ɗauki ɗalibi. Daga nan ne al'adar Amurka ta samo asali, inda digiri na biyu ne ƙofar shiga aikin. Jami'ar Chicago ta buɗe makaranta mai ba da digirin digirgir a 1928. Ingila ta riga ta samu tata a Landan tun 1919, kodayake yawancin ma'aikatan ƙasar sun daɗe suna bi ta jarrabawar ƙungiyarsu.

Mafi zurfin tunani a wannan zamani ya fito ne daga Indiya. S. R. Ranganathan malamin lissafi ne da aka naɗa shugaban laburaren Jami'ar Madras a 1924 ba tare da ya san aikin ba. Ya je Landan ya koyo, ya dawo ya wallafa dokokinsa biyar a 1931, waɗanda suka juya hankalin ma'aikaci daga gadin littafi zuwa hidimar mai karatu da kiyaye lokacinsa. A 1933 ya fitar da tsarin da ke duban batu ta fuskoki da dama a lokaci guda: mene ne, da me aka yi, a ina, yaushe. Duk wanda ya taɓa tace kaya a shagon intanet ta farashi da launi da girma, ya taɓa wannan tunani.

Afirka ta Yamma da ƙasar Hausa

Malaman ƙasar Hausa da Barno sun san tara littattafai tun kafin zuwan Turawa. Ana kwafa da alƙalamin kara da tawada, a jera warƙoƙi ba ɗinki, a matse su tsakanin tadarishi, a zura a gafakar da baduku ya ɗinka. Ɗakin littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato shaida ne kan irin abin da gida ɗaya ke iya tarawa. Fihirisar irin wannan ɗaki tana cikin kan mai shi da almajiransa ne, kuma in ya rasu aka raba gado, sau da yawa littattafan kan watse.

Horo irin na zamani ya fara ne a 1944 da wata makaranta a Achimota ta ƙasar Ghana ta yanzu, ƙarƙashin Ethel Fegan, amma makarantar ba ta daɗe ba aka rufe ta. A 1953 UNESCO ta yi taro a Ibadan kan laburarorin jama'a a Afirka, a shekara ta gaba aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma. Gidauniyar Carnegie ta turo Harold Lancour ya duba halin da ake ciki, kuma shawararsa ce ta haifar da cibiyar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1960 da jagorancin John Harris. A nan ne F. Adetowun Ogunsheye ta zama farfesa a 1973, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Najeriya. Ƙasashen da Faransa ta raina, har da Nijar, sun riƙa tura ɗalibansu Dakar, inda aka buɗe cibiyar horo a 1963.

Arewa ta bi hanyar kanta. Rahoton F. A. Sharr na 1963 kan bukatun laburare a Jihar Arewa ya nuna cewa yankin na bukatar ma'aikata da yawa cikin gaggawa, don haka a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashe a Zariya mai ba da difloma da digiri na farko. Mutanen Ibadan, waɗanda ke kan tafarkin sai mai digiri, sun yi gardama cewa hakan zai rage wa aikin daraja. Zariya ta ce ba za a jira masu digiri ba alhali makarantu da ɗakunan karatu na En'e ba su da mai kula da su. Lokaci ya ba Zariya gaskiya: Jami'ar Bayero ta bi sahu a 1977, Maiduguri a 1978, kuma yau digiri na farko ne hanyar da mafi yawan ɗalibai ke bi a ƙasar. Doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista.

Kwamfuta

A tsakiyar shekarun 1960 Henriette Avram ta tsara MARC a laburaren majalisar dokokin Amurka, hanyar rubuta bayanin littafi yadda na'ura za ta karanta. A 1967 aka kafa OCLC a jihar Ohio don laburarori su riƙa raba aikin fihirisa, wanda ya riga ya shigar da littafi ya hutar da sauran. Wasu manyan makarantun horo ba su tsira ba: makarantar Chicago ta rufe a 1989, ta Columbia a 1992. Waɗanda suka tsira sun faɗaɗa manhaja, kuma wanda ya gama a yau zai iya samun kansa a gidan adana kayan tarihi, ko asibiti, ko gidan jarida, ko kamfanin da ke sarrafa bayanai.

Masu sha'awa da masu aikin hannu

Laburarori sun daɗe suna yi wa adabin nishaɗi kallon hadarin kaji. Masoyan ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka sun fara buga ƙananan mujallunsu da kansu tun shekarun 1930, su ne kuma suka riƙa tarawa da jerawa a gidajensu. Sai a 1969 Jami'ar Bowling Green ta buɗe laburaren al'adun zamani, a shekarar kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ta karɓi tarin littattafan ƙagaggun labaran kimiyya na wani mai suna Eaton. Kwalejin Barnard ta fara tara ƙananan mujallun da mutane ke bugawa da kansu a 2003.

Da intanet ta zo, masoyan suka nuna cewa su ma sun iya aikin. Dandalin Archive of Our Own, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, yana ɗauke da miliyoyin labarai da masoya suka rubuta a kan taurarin littattafai da finafinan da suke so. Marubuci na da damar liƙa wa labarinsa duk laƙabin da ya ga dama, sai wasu 'yan sa-kai su bi bayansa suna haɗa laƙubban da ke nufin abu ɗaya, ta yadda ko da wanne mutum ya nema zai samu duka. Wannan ita ce tsohuwar matsalar fihirisa, tsakanin kalmar ƙwararre da kalmar mai karatu, kuma mafitar da suka samo ta kai a koyar da ita a aji. Dandalin ya ci lambar yabo ta Hugo a 2019. Haka ma Ravelry na masu saƙa, wanda aka kafa a 2007, ya tsara samfuran saƙa ta kaurin zare da girman allura da irin tufa, daidai da tunanin Ranganathan. Aikin hannun kansa ya shigo cikin laburare: a 2011 laburaren garin Fayetteville a jihar New York ya fara zauren ƙere-ƙere bisa shawarar wata ɗalibar fannin daga Jami'ar Syracuse, kuma yanzu laburarori da yawa na ba da damar amfani da keken ɗinki da kayan sassaƙa.

Mai karatun Hausa ya san wannan labari ta wata fuska. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika Kano, marubuta na bugawa da kuɗinsu, masu shagunan haya na ba da su kwana ɗaya ko biyu, 'yan mata da matan aure na karɓa hannu da hannu. Dokar laburaren ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa ya ajiye kwafe uku na duk abin da ya buga, amma kaɗan ne daga waɗannan littattafai suka bi ta nan, manyan laburarori kuma ba su fita kasuwa sun saya ba. Masana ɗaiɗaiku irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu ne suka tara abin da suka iya, kuma jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi shekarun 1987 zuwa 2002, a Jamus aka buga shi. Takardar littattafan mai arha ce, gara da damina ba sa raga mata. Yanzu kuma rubutun ya koma Wattpad da WhatsApp da YouTube, inda labari kan tafi tare da wayar da ta lalace ko shafin da aka rufe. Sassan Zariya da Kano da Maiduguri na yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu sun tashi ne da karatun waɗannan littattafai, sun san sunayen marubutan da jerin ayyukansu, kuma su ne suka fi dacewa a ba kuɗi da izini su shiga kasuwa da gidaje su tattaro abin da ya rage.