Tarihin Ajin Mista Brown, da Dalilin da Ya Sa A Ke Begensa

In ka zauna da mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a biranen ƙasar nan cikin shekarun 1980, hira ta gangaro kan talabijin, da wuya a tashi ba wanda ya ambaci wani wasan ban dariya na Ingila mai suna Mind Your Language, watau Kula da Harshenka. Da an ambace shi sai ka ga fuskoki sun sake. Wannan ya kwaikwayi muryar wani ɗan wasa, wancan ya tuna da tafiyar wani, a yi ta dariya sai ka ce jiya aka kalla. Abin mamaki kuwa, a can ƙasar da aka yi wasan, masu shi da kansu suka tsai da shi yana tsakiyar tashe, domin sun ga ya zama musu abin kunya. To, yaya aka yi abu guda ya zama abin kunya a gidansu, ya kuma zama abin bege a gidan waɗansu? Ba za mu gane ba sai mun koma baya, mun duba yadda Ingila ta ke a zamanin da aka shirya shi.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, Ingila ta fito a jigace. Garuruwa sun sha bom, ga aiki jibge a masaƙu da asibitoci da tashoshin jirgin ƙasa, amma hannuwa sun yi kaɗan. Cikin 1948 aka yi doka wadda ta ba mutanen ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila damar shiga ƙasar su zauna su yi aiki. A watan Yuni na wannan shekara wani jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutane daga Jamaika da tsibiran da ke maƙwabtaka da ita. Bayansu mutanen Indiya da na Pakistan suka yi ta kwararowa. Da baƙi suka yi yawa sai waɗansu 'yan ƙasa suka fara gunaguni, har cikin 1962 aka yi sabuwar doka ta rage shigowa. Cikin 1968 wani ɗan majalisa, Enoch Powell, ya yi wani jawabi mai zafi a Birmingham kan baƙi, wanda ya sa shugaban jam'iyyarsa ya tuɓe shi daga muƙaminsa washegari. Cikin 1972 Idi Amin ya kori Indiyawan Uganda, ya ba su kwana 90 su fice, fiye da 27,000 daga cikinsu suka nufi Ingila. Shekara guda bayan wannan Ingila ta shiga kasuwar tarayyar Turai, hanya ta ƙara buɗewa ga mutanen Faransa da Jamus da Italiya. Cikin 1976 kuma aka ƙarfafa dokar hana nuna wa mutum bambanci saboda launinsa ko asalinsa.

Kun ga ke nan, sa'ad da aka kai 1977 maganar baƙi ita ce a bakin kowa, daga majalisa har kasuwa. Da yawa daga cikin baƙin nan kuwa sun iso ba su jin Turanci sosai. Saboda haka hukumomin ilmi na gundumomi suka riƙa buɗe azuzuwan yamma, inda magidanci zai taso daga aiki ya zo ya zauna a kan benci ya koyi harshen masu gida. A irin wannan aji ne wani marubuci mai suna Vince Powell ya kafa wasansa. Shi da ɗan majalisar da muka ambata suna kaɗai suka haɗa. Dā ma ya saba taɓa wannan magana, gama yana cikin waɗanda suka rubuta wani wasa da ya gabata, Love Thy Neighbour, labarin wani Bature da maƙwabcinsa baƙar fata. Kamfanin London Weekend Television ya karɓi sabon wasan, aka nuna kashi na fari ran 30 ga Disamba, 1977.

Tsarin wasan ba wuya. Akwai wani saurayin malami, Mista Jeremy Brown, mai haƙuri da kunya, wanda ya sami aikin koyar da Turanci a wata makarantar manya a Landan. Shugabar makarantar, Mis Courtney, mace ce mai tsanani, ba ta ɗaukar wargi, kullum tana jiran ya yi kuskure. Akwai Sid mai kula da ginin makaranta, da Gladys mai dafa shayi. Sa'an nan ga ɗalibai goma, kowa da ƙasarsa, kowa da halin da aka ɗora masa. Ali mutumin Lahore ne, mai fara'a, mai juya kalmomi su ba da wata ma'ana daban. Ranjeet mabiyin addinin Sik ne daga Punjab, yana aiki a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, shi da Ali kullum cikin faɗa su ke kan addini. Jamila matar aure ce daga Indiya, tana zaune a baya tana saƙa. Su-Lee daga ofishin jakadancin Sin ta ke, ba ta rabuwa da ɗan jan littafin Shugaba Mao. Taro mutumin Japan ba ya magana sai ya miƙe ya rusuna, yana ƙara wasalin "o" a ƙarshen kalmomi. Giovanni kuku ne daga Italiya, shi da Max mutumin Girka suna kishi kan Danielle 'yar Faransa. Anna Bajamushiya ce mai ƙarfin hali, Juan kuwa mutumin Sifen ne, a farko ko an yi masa magana ba ya ganewa. Kowane kashi bai wuce kamar minti 25 ba, kuma gaban 'yan kallo aka ɗauke shi, dariyarsu ce a ke ji.

Akwai wani abu da yawancin masu kallo ba su sani ba. Da yawa daga cikin 'yan wasan ba mutanen ƙasashen da suka wakilta ba ne. Dino Shafeek, wanda ya fito a Ali, mutumin Dhaka ne, ta ƙasar Bangaladash. Albert Moses, watau Ranjeet, daga Siri Lanka ya ke. Pik-Sen Lim, watau Su-Lee, a Penang ta Malesiya aka haife ta. Kevork Malikyan, wanda ya fito a Bagirke, Ba'armeniye ne haifaffen Turkiyya. Françoise Pascal a tsibirin Morishus aka haife ta, Ricardo Montez kuwa a Jibiralta. Watau baƙi ne aka ɗauko aka ce su kwaikwayi waɗansu baƙi, bisa yadda mai gida ya ke zaton baƙin su ke. A wancan zamani ɗan wasan da ba Bature ba bai cika samun aiki a talabijin ba, in kuwa ya samu, galibi irin wannan ne.

Wasan ya karɓu ƙwarai. A lokacin tashoshin talabijin uku kaɗai ke akwai a Ingila, biyu na BBC, ɗaya ta 'yan kasuwa, don haka abin da ya shiga ya shiga ko'ina. An ƙiyasta masu kallonsa sun kai wajen miliyan 18. Duk da haka bayan zango na uku, cikin 1979, da kashi 29 a ƙasa, sai Michael Grade, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ya sa aka tsai da shi. Dalilinsa shi ne wasan ya mai da kowace al'umma hali guda tak, ya kuma mai da baƙo abin dariya a daidai lokacin da baƙi ke shan tsangwama a kan titi. Masu sukarsa suka ce yaron da iyayensa suka zo daga Pakistan shi zai biya bashin wannan dariya, domin gobe da safe a makaranta da muryar Ali za a tare shi. Masu kare shi kuwa suka ce ai ba baƙi kaɗai a ke yi wa dariya ba. Sau da yawa Mista Brown ne ke kwana a ciki. A kashi na biyu ma, wani sufeton makarantu baƙar fata ya shigo duba aji, malamin ya zaci sabon ɗalibi ne daga Afirka, ya zaunar da shi a benci, ƙarshe shi ya ji kunya. Suka ƙara da cewa duk faɗan da ɗaliban ke yi, in ɗayansu ya shiga wahala sai ka ga sun haɗa kai sun fid da shi.

Da aka rufe wa wasan ƙofa a gida sai ya sami masauki a waje. Aka sayar da shi Indiya, da Pakistan, da Siri Lanka, da Malesiya, da Singafo, da Kenya, da Ghana, da Nijeriya. Saboda wannan kasuwa ta waje ne aka sake ɗaukar kashi 13 a tsakiyar shekarun 1980, Albert Moses na cikin masu shiryawa, jimla ta zama 42. Amma sabon zangon bai kai na dā armashi ba, gama waɗansu 'yan wasan sun watse, Dino Shafeek kuma ya rasu tun 1984. Waɗansu ƙasashe har suka yi nasu irinsa. Amurka ta yi What a Country! cikin 1986, Indiya ta yi Zabaan Sambhalke cikin 1993, inda a ke koyon Hindi, a Nijeriya kuma aka yi Second Chance.

To, me ya sa mutanenmu suka so shi haka? Da fari dai lokacin ya dace. Cikin 1977, shekarar da wasan ya fito, aka kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, wadda ta haɗe tashoshin jihohi, har da ta Kaduna da ta fara aiki tun 1962. Akwatunan talabijin ba su da yawa, tasha kuma ba ta buɗewa sai da yamma, don haka gida guda ya kan tara yaran unguwa duka. Na biyu, ajin nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, mun san dattijo da gemunsa a gaban allo yana haɗa baƙi. Kowane ɗan makaranta kuwa ya san zafin a ce ya miƙe ya yi Turanci harshe ya harɗe. Da Ali ya yi kuskure, mai kallo a Kano ko Zariya kansa ya ke gani, yana dariyar wahalar da shi ma ya sha.

Na uku kuwa shi ne babba. Mu mutane ne masu wasan barkwanci tsakanin al'umma da al'umma. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, kowa na da abokin wasansa, ya faɗa masa abin da ya ga dama ba mai fushi. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da daraja, har cikin 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mun kuma saba da dariyar gurɓatacciyar Hausa, kamar ta sojojin barikin Samanja, wasan marigayi Usman Baba Pategi. Da wannan ido muka kalli faɗan Ali da Ranjeet, muka ɗauke su taubasai.

Amma fa wasan taubasai yana da sharaɗi. Dole ya zama tsakanin tsara da tsara, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma dukansu suna tsaye a ƙasar da ba mai iya korar wani. Bafillace ya zolayi Babarbare yau, gobe Babarbare ya rama har da riba. A Ingila ta 1977 ba haka abin ya ke ba. Mai gida ne ya rubuta, shi ya ɗauka, shi ya zauna ya yi dariya, baƙo kuwa ba shi da tashar da zai rama. Saboda haka mai begen wasan a nan bai yi laifi ba, shi kuma wanda ya tsai da shi a can bai yi wauta ba. Wurin zamansu ne ya bambanta, abin da kowa ya hango daga inda ya ke zaune gaskiya ne.

Shi Barry Evans, wanda ya fito a Mista Brown, ƙarshensa da ban tausayi. An haife shi cikin 1943, ya tashi a gidan marayu, ya yi suna tun yana saurayi a wani wasan likitoci mai suna Doctor in the House. Bayan ajin ya watse aiki ya yi masa wuya, har ya koma tuƙin tasi a gundumar Leicestershire. A can aka iske shi ya rasu a gidansa cikin Fabrairu 1997, yana da shekara 53. Vince Powell ya rasu cikin 2009, Albert Moses cikin 2017.

Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Lalle akwai wannan cikin begen da a ke yi wa wasan, gama rabin abin da mutum ke tunawa tabarmar tsakar gida ce, da 'yan'uwan da suka zauna tare da shi a kai, waɗansu yanzu ba su. Wanda ya koma ya kalli wasan yau a waya ko a kwamfuta zai yi dariya a wurare da yawa, a waɗansu wuraren kuma zai ji dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Wannan ba aibu ba ne. Mu ma muna da baƙi a garuruwanmu, masu koyon Hausa harshe na harɗewa, muna kuma sa su cikin wasanninmu da finafinanmu. In za mu yi musu dariya, sai mu fara dubawa ko mun bar musu bakin ramawa.