Taurin Jijiyoyin Jini a Matakin Gab da Ciwon Sukari

Akwai sakamakon gwajin jini da ba a cika ɗauka da muhimmanci ba, wato wanda ma'aikacin lafiya zai duba ya ce wa mai shi sukarinsa ya ɗan hau amma bai kai na ciwo ba, sai mutum ya naɗe takardarsa ya koma gida da hamdala. Wannan nazari ya dubi abin da ke faruwa a jijiyoyin jinin irin wannan mutum, domin hujjojin da aka tara sun nuna cewa ɓarnar da muke jingina wa ciwon sukari takan fara tun kafin ciwon ya bayyana.

Za mu fara da fayyace abin da muke nufi da matakin gab da ciwon sukari. Shi ne halin da sukarin jini ya wuce na mai lafiya amma bai kai iyakar da likitoci suka gindaya wa ciwon ba, kuma ana gane shi ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce gwajin safe kafin karin kumallo, bayan mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta sanya matakin tsakanin 5.6 da 6.9 a ma'aunin milimol, wanda ɗakunan gwaji da yawa ke amfani da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fara ƙidaya daga 6.1. Daga 7.0 zuwa sama an shiga ciwon sukari. Ta biyu ita ce a shayar da mutum giram 75 na sukarin gulukos a sake auna jininsa bayan awa biyu. Idan ya faɗa tsakanin 7.8 da 11.0, jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sukari. Ta uku ita ce gwajin HbA1c, wanda ke auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 shi ne matakin da muke magana a kai. A nan akwai abin lura ga al'ummarmu: sikila da ƙarancin jini na iya sauya sakamakon wannan gwaji na uku, kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya nuna cewa masu jinin AS kan sami adadi ƙasa da wanda ya dace da sukarinsu. A ƙasar da masu AS suke da yawa kamar Nijeriya, dogaro da shi kaɗai na iya ɓoye mutane masu yawa.

Kalma ta biyu ita ce taurin jijiya. Jijiyoyin da muke nufi su ne waɗanda ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, musamman babbarsu da ake kira ayota, wadda ta fito daga zuciya ta ratsa ƙirji da ciki. Bangonta ya ƙunshi zare iri biyu: elastin, mai miƙewa ya dawo, da kolajin, mai ƙarfi amma marar miƙewa sosai. Duk lokacin da zuciya ta harbo jini, ayota mai lafiya takan buɗe ta karɓe shi, sannan ta matse a hankali ta tura shi gaba yayin da zuciya ke hutawa. Idan elastin ya tsinke kolajin ya yi yawa, sai ta zama kamar tiyon roba da ya daɗe a rana, ruwa na bi ta cikinsa amma ya daina lanƙwasuwa. Wannan ya bambanta da toshewar jijiya da kitse ke jawowa, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya.

Yadda ake auna taurin ya dogara ne kan wata ƙa'ida mai sauƙi: bugun jini ya fi saurin tafiya a jijiya mai tauri. Ana ɗora na'ura a jijiyar wuya da ta matsematsi, a auna tazarar da ke tsakaninsu da lokacin da bugun ya ɗauka, sai a fitar da gudunsa da mita a kowace daƙiƙa. Masanan Turai sun amince a 2012 cewa gudun da ya wuce mita 10 a daƙiƙa alama ce ta lalacewa. Wani nazari na 2010 da Vlachopoulos da abokan aikinsa suka yi, inda suka haɗa sakamakon bincike-bincike da dama, ya gano cewa ƙarin mita ɗaya a daƙiƙa na tafiya tare da ƙarin kimanin kashi 14 cikin 100 na haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi. Dalilin a fili yake. Jijiya mai tauri tana tilasta wa zuciya harbi da ƙarfi har bangonta ya yi kauri, tana rage jinin da ke shiga tsokar zuciyar kanta, wadda ke samun nata rabon a lokacin hutu, kuma tana barin bugu mai ƙarfi ya isa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda, waɗanda ba a halicce su don jure wannan ba.

To, me ya haɗa wannan da sukarin da bai kai na ciwo ba? Binciken garin Hoorn na ƙasar Holan, wanda aka buga sakamakonsa a 2003 da 2004, ya nuna cewa taurin jijiya na ƙaruwa daki-daki: masu lafiyayyen sukari a ƙasa, masu ciwo a sama, waɗanda ke gab da shi a tsakiya. Binciken ARIC na Amurka ya sami irin haka a cikin dattawa a 2016. Hanyoyin da ɓarnar ke bi aƙalla biyu ne. Ta farko, sukari yakan manne wa zaren kolajin ya ɗaure su da juna, kuma da yake kolajin na daɗewa a jiki, wannan ɗauri taruwa yake yi shekara bayan shekara. Ta biyu ta shafi insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. A matakin gab da ciwo jiki yakan daina jin maganar insulin yadda ya kamata, abin da ake kira bijirewar insulin, kuma hakan na rage iskar naitirik oksaid da rufin cikin jijiya ke fitarwa don sassauta ta.

Sai dai kuskure ne a ɗora wa sukari dukan laifi, kuma wannan shi ne abin da muka fi son mai karatu ya riƙe. Abubuwan da ke jefa zuciya cikin haɗari iri biyu ne. Akwai waɗanda ba a iya sauyawa, wato shekaru da gado da jinsi. Akwai kuma waɗanda ake iya sauyawa: hawan jini, teɓa, rikicewar kitsen jini, shan taba da rashin motsa jiki. Daga cikinsu duka, shekaru da hawan jini su ne suka fi kowanne tasiri a kan taurin ayota, har ma a wasu bincike-binciken alaƙar sukari da tauri takan ragu sosai idan aka cire tasirin waɗannan biyun. Wannan bai wanke matakin gab da ciwo ba. Abin da yake nunawa shi ne, da wuya sukarin ya hau shi kaɗai. Bijirewar insulin ɗin da ta ɗaga shi takan zo tare da faɗin ƙugu, da hauhawar kitsen tiraigiliseraid, da raguwar kolestarol mai amfani, da jinin da ya fara hawa. Don haka sakamakon 6.3 da safe sanarwa ce cewa a duba sauran.

Wani abu mai jan hankali kuma shi ne, ba a tabbatar wanne ke riga wanne ba. Binciken Framingham na 2012 ya nuna cewa taurin ayota kan gabaci hawan jini, alhali an daɗe ana ganin akasin haka. Binciken Kailuan na ƙasar Sin, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa taurin jijiya kan gabaci hawan sukarin safe. A ganinmu abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ukun suna ciyar da juna, kuma duk wanda aka bari zai ja sauran.

Nawa ne haɗarin a jimlace? Wani babban nazari da mujallar BMJ ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike 129, ya sami ƙarin kashi 15 cikin 100 na cututtukan zuciya da jijiyoyi a wurin masu wannan mataki. Ga mutum ɗaya adadin ba mai tayar da hankali ba ne, amma idan aka tuna cewa masu shi miliyoyi ne, kuma galibinsu ba su sani ba, za a ga yawan shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciyar da ke ƙarƙashinsa.

Abin farin ciki shi ne wannan mataki yana jin magani. Shirin rigakafin ciwon sukari na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002 kan mutum 3,234, ya nuna cewa rage kashi 7 cikin 100 na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. Binciken Da Qing na Sin ya fi kusa da batunmu: an fara shi a 1986 da mutum 577, aka horar da wasunsu kan abinci da motsa jiki na shekara shida, kuma bayan shekara 30 aka tarar cututtukan zuciya da mace-macen da suke jawowa sun fi ƙaranci a cikin waɗanda aka horar.

Na'urar auna gudun bugun jini ba ta wadata a asibitocinmu ba, amma rashinta bai ɗaure mana hannu ba. Na'urar awon hawan jini da ake samu a kemis-kemis da yawa tana ba da lamba biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu, idan ta kai 60 ko ta wuce a wurin dattijo, alama ce ta taurin jijiya. Tef ɗin tela ya isa auna ƙugu, inda iyakar da aka saba amfani da ita ita ce santimita 94 ga maza da 80 ga mata. Gishiri kuwa, saboda hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kuma dole a lissafa da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire. Muna roƙon ma'aikatan lafiya kada su sallami mai sakamakon gab da ciwon sukari da "babu komai". A auna hawan jininsa da ƙugunsa da kitsen jininsa a ranar, a yi masa bayani, a kuma sa masa ranar dawowa cikin shekara guda.