Ƙaro, Gawayi da Ruwa: Tarihin Zayyana a Zangon Kumasi

Itacen dakwara ba ya tsiro a ƙasar Asante. Na sahel ne, mai son rana da busasshiyar ƙasa, mu kuwa a kurmi muke. Amma babu makarantar allon da ta taɓa tsayuwa a Kumasi ba tare da ƙaronsa ba, domin ƙaro ne ke riƙe baƙin gawayi a fuskar allo. Ke nan tun asali tawadarmu baƙuwa ce kamar mu. A kan jakunan fatake ta zo, tare da kanwa da baƙaƙen rawuna, aka koma da goro.

Rubutu ya riga zango zuwa wannan gari. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso Kumasi a 1817, zamanin Asantehene Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi zaune kusa da fada, babbansu Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba. Aikinsu rubuta wasiƙun sarki da layun da ake ɗinkawa a rigunan yaƙi. Takarda tana da tsadar da, a faɗar Bowdich, falle ɗaya kan ciyar da ƙaramin malami wata guda. Wani ƙunshi na irin waɗannan rubuce-rubuce, ganye ɗaruruwa cike da hatimai, yana ajiye yau a babban ɗakin karatu na Kopenhagen, kuma masana na ganin a yaƙin Katamanso na 1826 ya fita daga hannun Tonawa, wato mutanen Asante. Duk wanda ya kalli hatimi da idon mai zane ya san daga ina zayyana ta samo ƙashinta: gida huɗu-huɗu, layi ya haye layi, ba a bar kusurwa a buɗe ba.

Hausawa dai ba su cika garin ba sai bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar Gwanja, Ingilishi suka kama Kumasi a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Daga nan sojoji da 'yan goro da malamai suka kafa zango, ya yi ta yaɗo zuwa Sabon Zango da Aboabo da Asawase, har guguwar ta kawo iyayenmu nan Atonsu, a kan hanyar tafkin Bosomtwe.

A gidanmu kawuna ne mai zayyana, kuma ni ne ɗan aikensa zuwa unguwar Alabar sayen ƙaro. Tawada biyu yake yi, ba ya yarda a haɗa musu kurtu. Ta allo gawayi ce, a niƙa shi lilis, a tace da tsumma, a zuba jiƙaƙƙen ƙaro. Ita wannan, ruwa na wanke ta, kuma haka ake so, don yaro ya wanke ya ɗora sabon karatu, mara lafiya ya sha rubutu. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake dafa ta da kashin maƙera, ta kama ganye ta zauna har jikoki. Gwajin ƙaro a wurinsa da yatsa ne. Ya ɗiga a farce, ya jira ya bushe, ya murza. In ya tashi kamar toka, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli ya tsage, ya yi yawa. Da damina, lokacin da iskar Kumasi ke jiƙe komai, sai ka ji yana faɗa shi kaɗai, wai a Katsina kafin ka ɗaga alƙalami layi ya bushe, a nan kuwa sai ka yi sallar la'asar ka dawo.

Launukan ba su da yawa, kuma kowanne da aikinsa tun a cikin Mus'hafi: baƙi na harafi, ja na wasali, ɗorawa ta hamza, kore na alifin da ake sadarwa. Su ne suka fito daga cikin littafi suka hau allon sauka. Kawu yakan fara da baƙi, ya ja iyaka da alƙalamin gamba, ya raba allon gida-gida, sannan ya tauna bakin tsinke ya yi laushi, da shi yake cika ja da ɗorawa. A sama a rubuta Fatiha, a ɗaya fuskar farkon Baƙara. Ranar sauka yaro ya riƙe allon ya karanta a gaban malamai, a zaga da shi gidajen dangi, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Kwanan baya 'yar ƙanwata ta dawo daga makarantar boko da aikin gida: ta zana furen labanda da fentin ruwa. Ba ta taɓa ganin labanda ba sai a jikin kwalbar turare da hoton waya, don furen na tuddan kudancin Faransa ne da Bulgeriya. Na zauna ina kallonta. Ta jiƙa takarda, ta ɗiga shunayya da bakin buroshi, ɗigo bisa ɗigo suna ƙanƙancewa zuwa sama, launin yana narkewa cikin ruwan, sannan ta ja siririn kore ya zama kara. Na lashi yatsa na taɓa ɗan dunƙulen fentin, na ji danƙon da na sani. Na ce mata, "Ke, wannan ai tawadar kakanki ce." Ta ce, "Haba Kawu, wannan fa na Turawa ne."

Duk mun yi gaskiya. Fentin ruwa na ainihi garin launi ne da ƙaro, ba wani abu ba. Saboda wannan ƙaro, wanda masaƙun Turai ke buƙata wajen buga launi a atamfa, Faransa da Ingila suka yi ta gwabzawa a bakin kogin Senegal a ƙarni na 18. Kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a Landan a 1832 ya ƙara wa fentin sinadarin da ke hana shi bushewa ƙarau, ya zuba a 'yan ƙananan kwanuka. Har gobe daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya mafi yawan ƙaron duniya ke fita. Shunayyar da yarinyar ke wasa da ita ma ba ta yi arha ba sai bayan 1856, da William Perkin ya fitar da ita daga kwaltar gawayin ƙasa.

Inda muka rabu da masu fentin ruwa shi ne abin da ake nema a wurin ruwan. Mai zanen fure yana sakar wa ruwa linzami ya kai launi inda ya ga dama. Mai zayyana kuwa kunya ce a gare shi ja ya tsallaka iyakar baƙi ko da tsinin allura. Na sha jin 'yan boko na cewa malamanmu ba su iya zana fure ba ne. Ban yarda ba. Hannun da ke saƙa layi takwas ba tare da ya ɓata lissafi ba, fure ba zai gagare shi ba. Ba shi yake nema ba. Ko alamar sujada da ta hizbi da yake yi a gefen shafi, wadda yara ke kira fure, da'ira ce da aka raba daidai, ba kwaikwayon wani tsiro ba.

Sana'ar ta sha duka biyu. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta kwashe malamai da dama zuwa Najeriya da Nijar, da alƙalumansu da almajiransu. Sannan makarantun Islamiyya suka zo da benci da bugaggen Alƙur'ani, sauka ta koma taron runfa da takardar shaida a firam. Masu son allo yanzu sukan ba direbobin motocin Kano saƙo, a zo musu da shi an cika gidajensa da alƙalamin maka, har da shunayya da ruwan hoda, launukan da kawu bai taɓa ɗorawa a allo ba. Ƙaron kuwa yana nan a Alabar a ƙulle a leda, sai dai masu sayensa yau rabi malaman tsibbu ne, rabi masu wanki da guga da ke sa wa shadda da hula ƙarfi.