Galibi

galibi (suna, namiji, yana kuma zuwa a matsayin bayanau). Daga Larabci, inda asalinsa ke nufin mai rinjaye.

1. Kaso mafi yawa na wani abu, ba dukkansa ba. Yana ɗaukar -n in suna ya biyo baya: Galibin masu rini a Ƙofar Mata maza ne.

2. Mafi yawan lokuta: Galibi sai bayan la'asar kasuwar ke cika.

Kalmar tana keɓe abu ga wani rukuni, amma ba ta rufe ƙofa ruf. Mai shago da ya ce galibin abokan cinikinsa 'yan Nijar ne, ya yarda ke nan akwai 'yan tsiraru daga wasu wurare. Da kaɗai ko zalla ya ce, to babu kowa sai su. Don haka "galibi su kaɗai" kuskure ne, ko da yake ana jinsa a bakin masu saurin magana.

A Turanci, mostly da mainly ne ke wannan aiki. Exclusively kuwa takwarar zalla ce, shi ya sa sai an sa mata almost a gaba kafin ta yi daidai da galibi.

Masu kama: yawanci, akasari.