Cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: yadda ɗalibin likita ke gano inda matsala take

A fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tambayoyi biyu likita ke amsawa, kuma a jere: a ina matsalar take, sannan mene ne ya jawo ta. Ɗalibin da ya iya amsa ta farko da idonsa da hannunsa zai amfani majinyaci ko da a asibitin da babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Hanyar da saƙo ke bi

Umarnin motsi yana fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya gangara ta lakar gadon baya, sannan wata jijiya ta karɓa ta kai shi ga tsoka. Mafi yawan zaren wannan hanya suna tsallakawa zuwa ɗaya gefen a gindin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya samu illa, ɓarin dama na jiki ne ke shanyewa.

Illar sama da illar ƙasa

Idan illar tana sama, wato a ƙwaƙwalwa ko cikin laka, gaɓa kan sandare, kuma in aka buga ƙasan gwiwa da 'yar guduma ƙafa takan zabura fiye da kima. In aka karci tafin ƙafa daga diddige zuwa gaba, babban yatsa kan ɗaga sama. Wannan ita ce alamar da likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana a 1896. A jikin jariri ba ta nuna cuta. A kula cewa a kwanakin farko na shanyewar ɓarin jiki gaɓar na iya zama laɓo-laɓo kafin ta sandare.

Idan kuwa illar tana ƙasa, a jijiyar da ke kai saƙo ga tsoka, gaɓa kan yi lakwas, zaburar gwiwa ta ragu ko ta ɓace, tsoka ta rame. Shan inna misali ne da kowa ya sani.

Fuska da magana

Wanda bakinsa ya karkace, a ce masa ya ɗaga gira ya rufe ido. Goshi yana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, don haka a shanyewar ɓarin jiki, wadda littattafan Faransanci ke kira AVC, yawanci goshi yana motsi, ƙasan fuska ne ke saki. Idan rabin fuska gaba ɗaya ya mutu har ido ya ƙi rufuwa, an fi zargin jijiyar fuska, ta bakwai cikin jijiyoyin kai 12. Amma in akwai ganin abu bibbiyu, ko jiri, ko raunin hannu, to a koma ga gindin ƙwaƙwalwa.

Ga yawancin mutane, cibiyar harshe tana ɓangaren hagu. Mai illa a yankin da Paul Broca ya bayyana a 1861 yana fahimtar abin da aka faɗa masa, amma kalma sai da ƙyar take fita. Mai illa a yankin da Carl Wernicke ya bayyana a 1874 yana zuba magana babu ma'ana, kuma ba ya gane ta wasu. A gwada majinyaci da harshen da ya fi iyawa, kada a ɗauki rashin jin Faransanci ko Turanci a matsayin cuta.

Lokaci ke nuna sanadi

Abin da ya faru farat ɗaya, cikin daƙiƙoƙi ko mintoci, galibi toshewar jijiyar jini ne ko fashewarta. Wanda ya ɗauki kwanaki yana nuna kumburi ko ƙwayar cuta, kamar ciwon Guillain-Barré da ke fara raunana ƙafafu ya hauro sama har ya iya taɓa numfashi. Na makonni ko watanni kan sa a yi tunanin ƙari. Na shekaru kuwa lalacewa ce a hankali, irin cutar Parkinson.

Abin da ba ya jira

Duk wanda ya suma ko ya rikice, a fara auna sukarin jininsa, domin faɗuwar sukari tana kwaikwayon shanyewar jiki. Ana auna zurfin suma da ma'aunin Glasgow: buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6. Jimla tana tsakanin 3 da 15, kuma 8 ko ƙasa da haka na nufin a tsare hanyar numfashi.

Kada a ba mai shanyewar ɓarin jiki asfirin kafin hoto ya nuna ba zubar jini ba ne, kada kuma a ba shi ruwa ko abinci sai an gwada haɗiyarsa. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi, saboda haka a rubuta lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya lau.

Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya sanƙarau ne har sai an tabbatar da akasin haka, musamman da rani a yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha. A fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jiran sakamakon ruwan laka ba, a kuma gwada jini don zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa.