Yijing da Koyarwar Sallama wa Abin da Ya Ƙare

Yijing, ko Littafin Sauye-sauye, yana cikin tsofaffin littattafan ƙasar Sin, kuma asalinsa littafin duba ne. Tun kafin a san shi, sarakunan daular Shang suna duba da ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru, a gasa su da wuta a karanta tsagewar da suka yi. An gane rubutun da ke jikinsu a 1899. Bayan daular Zhou ta hau mulki, wajen 1046 kafin Miladiyya, sai duba da tsinkayen wani tsiro ya bunƙasa: a riƙe 50, a ajiye ɗaya, a yi ta rarraba sauran har a fitar da zane mai layi shida, wasu layukan a katse, wasu a haɗe. Zane 64 ne gaba ɗaya. Al'adar Sinawa ta ce Sarki Wen ne ya jera su yana tsare a kurkuku.

A wannan jeri koyarwar take. Zane na 23, Bo, yana nuna abin da ya rube daga ƙasa, saura layi ɗaya tak a sama, kuma shawararsa ita ce kada mutum ya yunƙura. Idan aka kifa shi sai ya zama na 24, Fu, wato dawowa: layin nan ya koma ƙasa yana sabon tsiro. Na 33, Dun, yana ɗaukar janyewa a kan lokaci a matsayin hikimar mai hankali. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙarshen littafin. Zane na 63, Jiji, na aikin da aka kammala ne, kowane layi yana mazauninsa, amma yana gargaɗin cewa rikicewa na iya biyo baya. Na 64, Weiji, na aikin da ba a kammala ba ne. Da shi aka rufe, kuma a ganina babu inda littafin ya fi faɗin gaskiya kamar nan.

Wannan fahimta ta ginu ne sannu a hankali. Sharhohin da ake kira Fukafukai Goma, waɗanda ake jingina wa Konfushiyas, su suka mayar da littafin boka ya zama na tarbiyya. Ya tsira daga ƙona littattafai na 213 kafin Miladiyya saboda na duba ne, kuma a 136 kafin Miladiyya Sarki Wu na daular Han ya sanya shi cikin manyan littattafai biyar. Wang Bi, wanda ya rasu a 249 Miladiyya yana ɗan shekara 23, ya karanta shi a matsayin ilimin sanin lokaci: yaushe za a riƙe, yaushe za a saki. Fassarar Richard Wilhelm ta Jamusanci a 1924 ta yaɗa shi a Turai.

A 1973 an tono wani kwafi na siliki a kabarin Mawangdui, wanda aka rufe a 168 kafin Miladiyya. Jerinsa daban ne, Weiji ba shi ne na ƙarshe ba. Ke nan darasin rufewa da abin da bai ƙare ba zaɓi ne na malaman da suka riƙe jerin Sarki Wen, kuma sun zaɓa da kyau.