Dokokin aikin malanta a Nijar: tarihinsu da yadda suke aiki a Safo

Safo ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, jihar Maradi. Ba ta da dokar malanta ta kanta. Malamin da aka turo ƙauyukanta yana bin dokokin da aka rubuta a Yamai.

Kafin lakwal, wato makarantar boko, ta zo, malamin allo ne malami. Ba shi da takardar ɗaukar aiki. Izinin malaminsa da yardar iyaye su ne shaidarsa, wanda kuwa ya saɓa, sai a janye yara daga tsangayarsa. Faransawa ne suka kawo malamin da gwamnati ke ɗauka, ta biya, ta hukunta. Fitattun malaman farko sun yi horo a makarantar William Ponty da ke Senegal. Boubou Hama ya fito a 1929 a matsayin malamin boko na farko ɗan Nijar, Diori Hamani ma ya riƙe alli kafin ya zama shugaban ƙasa a 1960. Shi ya sa "mushe", wato malamin boko, ya daɗe yana da ƙima a gari: ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da fansho.

Bayan samun 'yancin kai, wajiban malami sun kasance cikin dokar ma'aikatan gwamnati gaba ɗaya: bin umarnin na sama, zama inda aka tura shi, kiyaye sirrin aiki, da hukunci mai hawa daga gargaɗi har zuwa kora. An sabunta wannan doka a 2007. Dokar da ta tsara ilimi kansa ita ce mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN. A waje kuwa, UNESCO da hukumar ƙwadago ta duniya sun fitar da shawarwari kan matsayin malami ranar 5 ga Oktoba 1966, abin da ya sa ake bikin ranar malamai a wannan rana.

Babban sauyin bai zo daga doka ba, daga aljihun gwamnati ya zo. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar 'yan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantiragi, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. Shirin ilimi na shekara goma da aka soma a 2003 ya faɗaɗa hanyar, har 'yan kwantiragi suka fi ma'aikatan dindindin yawa a firamare, musamman a karkara irin Safo. Yara sun shiga makaranta, wannan gaskiya ne. Amma an ɗora wa ɗan kwantiragi nauyin ma'aikaci ba tare da haƙƙin ma'aikaci ba: alawus yake karɓa, wanda sau da yawa kan makara, wasu kuma an ba su aji ba su taɓa shiga makarantar horon malamai irin ta Maradi ba. Yajin aikin ƙungiyoyin malamai kamar SNEN da SYNACEB galibi a kan wannan yake.

A 2017, lokacin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa 'yan kwantiragin firamare jarrabawar Faransanci da lissafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. An sallami wasu, an mai da wasu horo, ƙungiyoyin malamai kuwa suka ce an hukunta wanda aka ɗauka an bar wanda ya ɗauke shi. A Disambar wannan shekarar aka fitar da dokar kare 'yan mata masu karatu, wadda ta shafi yankin Maradi sosai saboda aurar da yara da wuri.

A ƙauye, sa ido na hannun darakta, sai mai ba da shawara da sufeto da kan zo jifa-jifa, sai taron CAPED inda malaman makarantu maƙwabta ke gyara wa juna darasi. Tun tsakiyar shekarun 2000 kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira COGES a lokacin, ya shigo da iyaye cikin lamarin. Kwamitin ba ya korar malami, amma yana ganin wanda ya tafi Maradi karɓar alawus ya yi kwanaki bai dawo ba, kuma yana iya kai ƙara wurin sufeto.